Birki Na Biyu

Da wuya mako ya wuce wani saurayi bai leƙo makarantarmu ta koyon tuƙi da ke unguwar Dogo Tebo a Potiskum ba. Yakan jingina da ƙofa, waya a hannu, ya ce, "Anti, ni fa na iya mota. Takarda kawai nake so." Nakan ce ya zauna. In ya zauna, sai in je in buɗe aljihun motar koyo, in ɗauko wata 'yar silifa ruwan hoda, ta ƙafar hagu, wadda tsawonta bai kai tafin hannuna ba, in ajiye masa a kan tebur. Domin irin waɗannan samari nake wannan rubutu, don bakina ya gaji da maimaita labarin silifar.

Takardar da suke nema ita ce shaidar kammala koyo. Doka ba ta yarda a ba mutum lasisi ba sai ya cika shekara goma sha takwas. Ko ya cika, sai ya karɓi izinin koyo, ya yi ta yawo da jar alama a gaban mota da bayanta, da malami a gefensa, sannan a gwada shi. Manyan motocin haya kuwa sai ya ƙara wasu shekaru a kan haka. A tsakiyar wannan doguwar hanya akwai wani ɗan layi a ƙasan takarda inda malami ke sa hannu. Ma'anar sa hannun ita ce: na zauna kusa da wannan mutum, na ga idonsa, na ga ƙafarsa, a sake shi cikin jama'a. Hannuna ne ke hawa wannan layin. Sunana Yagana, kuma shekarata goma sha biyu ke nan a wannan sana'a.

Kawu Modu, yayan mahaifiyata, shi ya kafa makarantar. Tirela ya tuƙa shekara da shekaru, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa kudu, har bayansa ya ce ya gaji. Da ya sauka sai ya sayi wata tsohuwar mota ja mai giyar hannu, ya raɗa mata suna Uwar Haƙuri, ya kai ta wurin wani mai walda a bayan tasha. Kwana uku suna gardama da mai waldar, har aka haɗa wani ƙarfe da ya ratsa ta ƙarƙashi, ya fito a gaban kujerar malami. Shi ne birki na biyu. Duk kayan aikinmu, da jar alama, da ƙarin madubi, da tsofaffin tayoyin da muke jerawa a fili don koyon ribas, babu kamarsa. Kowace safiya kafin a sha shayi sai an taka shi sau uku an ji ya kama.

Ina shekara goma sha bakwai na zo wurin Kawu, na gama sakandare ina jiran samun gurbin karatu. Shara da tarbar baƙi aka kawo ni yi. Amma a lokacin mata sun fara son koyon mota, mazansu kuwa ba sa son a rufe su a mota da namiji. Wata rana Kawu ya dube ni ya ce, "Ke za ki koyar da su."

Na yi tsalle na nufi ƙofar direba. Ya ce, "Ina za ki?"

"Ba koyo za a fara ba, Kawu?"

"Shekarunki nawa?"

"Saura wata goma in cika sha takwas."

"To saura wata goma ki taɓa sitiyari. Shiga baya."

"Ko a fili, Kawu? Wa zai gani?"

"Ni zan gani."

A kujerar baya na koyi abin da Kawu ke kira kiran masu rai. Yana tuƙi, kai kuma kana faɗin duk wani abu mai rai da ka hango, da inda kake zaton zai nufa. Ba ya barin kowane ɗalibi ya riƙe sitiyari sai ya yi kwana uku yana wannan kira. Ni wata goma na yi. A gida an sha yi mini faɗa kan tsayuwa a bakin taga ina kallon abin da babu ruwana da shi, don haka na ɗauka aikin zai zo mini da sauƙi. Ranar farko Kawu ya ce, "Faɗi." Na ce, "Shirwa a sama." Ya ce, "Shirwa ba ta tsallaka titi, 'yar nan. Sauko ƙasa."

Na sauko. Na koyi cewa akuya ba ta tafiya ita kaɗai: in ta tsallaka, jira 'ya'yanta, in sun tsallaka, jira yaron da ke korarsu. Na koyi cewa mai keke mai ƙafa uku ba ya juyawa da sigina, da wuyansa yake juyawa, in ya hango fasinja. Tsohon da ya ɗaga hannu yana gaisawa da na tsallake ya riga ya manta akwai kwalta a tsakaninsu. Mai talla da aka kira daga ɗaya gefen titin ba ta ganin komai sai wanda ya kira ta. Wajen wata na bakwai muna cikin wani lungu na sake cewa, "Shirwa." Kawu ya buɗe baki zai yi faɗa, na ce, "Ta yi ƙasa-ƙasa. Kaji za su watse." Ya sassauta. Sai ga 'yan tsaki sun fantsamo titi kamar an zubar da gero, ga wata yarinya a guje bayansu. Kawu ya ci gaba da tuƙi har muka iso gida. Yana kashe mota ya ce, "To." Iyakar yabon da na taɓa samu a wurinsa ke nan.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ɗalibata ta farko. Hannunta lafiya, ƙafarta lafiya, amma duk lokacin da tirela ta tunkaro mu sai ta runtse ido. Mako biyu muka yi muna fakin a gefen babban titin Kano zuwa Maiduguri, mota a kashe, tana ƙirga tayoyin kowace tirela da babbar murya, har idonta ya saba da zama a buɗe. Akwai wata Hajiya da ta karanta addu'ar hawa abin hawa, muna cikin tafiya ta saki sitiyari ta shafa. Akwai masu dariya in sun tsorata, akwai masu taka totur a maimakon birki sannan su ce motar ce ta yi. Duk waɗannan ba su taɓa ba ni tsoro ba, domin sun san ba su iya ba.

Sirrin birki na biyu shi ne sanin lokacin da ba za ka taka ba. In ka cika takawa, ɗalibi ba zai taɓa koya ba, zai saba cewa akwai wani mai tsayar da duniya dominsa. In ka makara kuwa, ba sai na faɗa ba. Saboda haka ƙafar malami a sama take wuni, ba ta kan birki, ba ta ƙasa, kamar tsuntsun da ya rasa reshen sauka. Har yau in na shiga keke a matsayin fasinja, sai in ji ƙafata tana danna ƙasa, matan da ke kusa da ni suna kallona.

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo ita ce muguwar shekararmu. Masu motoci suka rufe su da tamfol, wa zai zo koyon abin da ba zai hau ba? Uwar Haƙuri ta yi ta kwana ƙarƙashin darbejiya har kazar maƙwabta ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. A shekarar ne kuma ciwon yanar ido ya rufe idon Kawu, ya daina fita da ɗalibai, ya miƙa mini sa hannu, ya koma zama a tabarma a ƙofar ofis yana gane motoci da ƙararsu. Mun yi mako biyar babu wanda ya leƙo. Kawu ya fara zancen a mayar da ofishin shagon cajin waya.

Ran nan da hantsi wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a ƙofarmu. Wanda ya fito ta gefen mai zaman banza shi ne Alhaji Jauro, dillalin shanu, Bafulatanin da ya bar daji ya zauna a gari tun kafin a haife ni. Wanda ya fito ta gefen direba kuwa ɗansa ne Buba, dogo, sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar ofis. Kawu Babarbare ne, kuma tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, don haka tun kafin a gama sallama suka fara.

"Wa nake jin warin nono haka?" in ji Kawu.

"Ubangidanka ne ya zo duba ka," in ji Alhaji. "An ce ka makance, na ce ai dama can ba gani kake ba."

Da aka gama dariya Alhaji ya faɗi abin da ya kawo shi. Ma'aikatan hanya sun dame su da tare Buba suna tambayar lasisi. Yana so a yi wa yaron takarda. In an yi, yana da 'ya'ya mata biyu da suka gama makaranta, da wasu yaran motarsa, duk nan zai turo su koyo. Ya ajiye takardu biyu a tebur: izinin koyo sabo fil, da takardar rantsuwar shekaru mai hatimi, wadda ta ce Buba yana da shekara goma sha tara.

Na dubi Buba. Tsawo akwai, kafaɗa akwai. Na dubi Uwar Haƙuri da ganyen darbejiya a kan gilashinta. Na ce ya dawo gobe.

Washegari a fili na jera tayoyi na ce ya gwada ribas. Ban taɓa ganin irin wannan hannu ba. Da tafin hannu ɗaya ya juya sitiyari, ya ratsa tsakanin tayoyin da baya kamar zare a kafar allura. Uwar Haƙuri da ke kuka duk lokacin da aka sa mata giya ta biyu, a hannunsa ko tari ba ta yi ba. Na tsaya baki buɗe. Ya fi ni iya riƙe mota, ni da nake malamarsa.

A nan na yi kuskuren da ban taɓa yi ba, ban kuma sake ba. Na tsallake kwana ukun kiran masu rai. Na ce a raina wanda ya iya haka me zai yi da kujerar baya? Ban gaya wa Kawu ba. Na ce wa Buba mu fita cikin gari.

Azahar ta kusa, lokacin tashin 'yan makaranta. Muka shigo wani titi mai makarantu biyu suna kallon juna, firamare da ƙaramar sakandare. Yara sun cika hanya, fari da shuɗi, kamar an buɗe keji. Kowane ɗalibi da na sani, a nan yake tsayawa cak, wasu har mota ta mutu a hannunsu. Buba bai tsaya ba. Bai kuma yi gudu ba. Ya sauko giya ta ɗaya, ya kafa hancin mota a tsakiyar yaran, ya ci gaba da turawa a hankali, yana ɗan taɓa hon, yana wani tsaki da harshe. Yaran suna darewa hagu da dama. Fuskarsa a sake, kamar mai tafiya a gonar ubansa.

Na ce, "Buba, tsaya."

Ya ce, "Za su buɗe, Anti."

Wata 'yar ƙaramar yarinya, ba za ta wuce shekara biyar ba, ta riga ta tsallake zuwa dama. Na ga kafaɗarta ta yi wani ɗan motsi, na ga ƙafarta ɗaya babu takalmi. Ban san lokacin da na taka ba. Na dai ji ƙirjina ya bugi bel, na ji ƙarfen da mai walda ya haɗa ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafata. Yarinyar ta ɓace daga gilashi.

Na fito. Tana durƙushe a gaban mota, goshinta da ƙarfen gaba bai fi faɗin yatsu huɗu ba, tana jan silifarta da hannu biyu. Taya ta danne rabinta. Ko kuka ba ta yi ba, haushi take ji an taka mata takalmi. Wata mai sayar da awara ta saki matsami tana salati. Ni kuwa sai na zauna a kan kwalta da hijabina da komai.

Buba ya leƙo ta taga ya ce, "Ai da ta matsa."

Wannan magana ta fi birkin girgiza ni. Ba rashin kunya ba ne. Da gaske yake, har zuciyarsa.

Wani malamin sakandaren ya ratso taron, ya leƙa motar, ya ce, "A'a! Abubakar? Kai ne yau ba ka zo aji ba?" Ya juyo gare ni. "Malama, wannan ai ɗalibina ne. Ɗan aji uku."

Na sallami yarinyar a hannun yayarta bayan mun leƙa shagon kusa an sake mata takalmi. Silifar da aka taka na jefa ta a aljihun gaba, na ce Buba ya koma gefe, na karɓi mota. Sai da muka yi nisa na tambaye shi, a hankali, shekarunsa nawa.

"Sha tara."

"Ba na takarda ba. Na wurin Inna."

Ya kawar da kai. Can ya ce, "Sha biyar. Da wata huɗu."

"A ina ka koyi mota?"

"A kara." Kasuwar shanu yake nufi. Tun yana shekara goma sha biyu direbobin mahaifinsa ke ba shi makulli ya matsar da manyan motoci zuwa wurin lodi, ta tsakiyar garke. A can, in ka tsaya, shanu sun rufe ka har yamma. Dabarar ita ce ka kafa kai ka yi ta turawa a hankali, su da kansu za su buɗe. Shekara uku yana haka, ko kofato bai taɓa takawa ba.

Na ce, "Saniya tana komawa ɗaukar takalmi?"

Ya dai ƙara da cewa, kamar mai neman in yaba masa, ko makon jiya shi ya kawo babbar mota cike da shanu tun daga Gadaka, direban yana barci a gefe. Na riƙe sitiyari da kyau. Hanyar nan na san ta: ƙauyuka a bakinta, 'yan mata masu tallan gyaɗa, jakuna, yara masu gara taya da sanda. Yaro ɗan shekara goma sha biyar, da nauyin shanu talatin a bayansa, yana jiran duniya ta buɗe masa.

Na gaya wa Kawu komai, har da kwana ukun da na tsallake. Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Hannunki ne. Ni nawa ya huta."

Da safe Alhaji Jauro ya zo, Buba na biye da shi. Na gaishe shi har ƙasa, na ce, "Baba Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan iya sa hannu ba. Yaron bai kai ba."

"Takarda ta ce ya kai."

"Shi ya ce bai kai ba."

Alhaji ya harari ɗansa, ya juyo. "'Yata, hatimin hukuma ne a jiki. Ke kin fi hukuma ne?"

Kawu ya yi gyaran murya daga tabarma. "Kai Bafillace, in aka kawo maka sa a kara, aka ce ga takarda, shekararsa huɗu, takardar kake dubawa?"

"Bakinsa nake buɗewa."

"To?"

"To me? Sa in ya iya jan garma, wa ke tambayar haƙoransa? Yaron nan ya fi direbobina biyu hannu. Ku tambaye ta, ai ta gani." Ya fara tattara takardunsa. "Garin nan ba ku kaɗai ba ne. Na zo ne don zumunci. Akwai inda ko motar ba sai an shiga ba."

Gaskiya ya faɗa, na kuma san haka. In ya fita ƙofar nan, kafin sati Buba na da takarda, da hannuna ko babu hannuna. Ƙin sa hannu zai wanke ni ne kawai, ba zai sauke yaron daga hanyar Gadaka ba. Muryata ba ta da ƙarfi, tun ina ƙarama ake cewa in ɗaga ta. Na ce, "Baba Alhaji, alfarma ɗaya. Ku shigo in zaga da ku, ni zan tuƙa. In mun dawo, duk abin da ka ga dama ka yi."

"In ga me?"

"Shiga mana," in ji Kawu. "Ko tsoron tuƙin mace kake?"

Alhaji ya shiga gaba yana gunaguni, ya tattare babbar rigarsa, birki na biyu na tsakanin ƙafafunsa. Buba ya shiga baya. Na bayyana musu kiran masu rai, na ce Buba ya fara.

Muka hau titi. Buba ya gyara zama, ya ce, "Keke. Keke. Tirela, ta ɗauko siminti. Kai, ga wata baƙar jip sabuwa! Keke. Mai kura da jarkoki."

Na bar shi ya yi ta yi. Alhaji yana kallon gaba. Wajen shataletale na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar ba da mu yake ba.

"Tunkiyar can an raba ta da ɗanta. Za ta juyo."

Na sassauta. Ta juyo.

"Tsohon can mai sanda ba ya ji. Zai sauko."

Ya sauko.

Ban yi mamaki ba. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a bayan garke, da ƙafa, yana karanta kunne da wutsiya, ba ya bukatar Kawu ya koya masa komai. Kira ya ci gaba daga baki biyu. Na baya yana faɗin ƙarafa, na gaba yana faɗin rayuka. A kusa da kasuwa Alhaji ya ɗaga murya, "Yarinyar can mai tire, an kira ta daga tsallake!" Motar ta tsaya da ƙarfi kafin in taɓa nawa birkin. Shi ya taka. Yarinyar ta gifta a guje, goro na rawa a kanta.

Alhaji ya dubi ƙafarsa kamar ba tasa ba. Sannan ya juya baya gaba ɗaya.

"Buba, ka gan ta?"

Buba ya ce, "Wa?"

Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta sauya haka ba. Bakinsa ya ɗan buɗe, bai rufe ba. Shekara uku yana zaune a gefen yaron nan, yana waya da masu sayen shanu, yana alfahari da yadda giya ke shiga ba ƙara. Bai taɓa tambayarsa me yake gani ba.

Na gangara gefe na kashe mota. Na buɗe aljihun gaba na miƙa masa silifar. Shatin taya na kwance a kanta. Na ce, "Ta jiya ce. Mai ita tana gida lafiya."

Ya juya ta a tafin hannunsa. Hannu ne da ya saba da igiya da ƙaho, silifar ta ɓace a cikinsa. Da ya yi magana, ba da ni yake ba, ba kuma da Buba ba.

"A wurinmu ba a ba yaro sanda a ce ya kai garke daji. Maruƙa ake fara ba shi, a bayan ruga, inda uwarsa ke hango shi. Sai ya shekara yana dawo da su cif. Sannan ya bi yayansa, yana baya, ba ya gaba. Ni sai da gemu ya fara fito mini Baffana ya bar ni na kwana da shanu ni kaɗai. Kuma na fi Baffan gudu, na fi shi jifa, tun ina ƙarami." Ya girgiza kai. "Na zo birni na manta."

Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba. Buba ya gane. Ya zaro makullan daga aljihu, har da na babbar mota, ya sa masa a hannu.

Da muka dawo Kawu ya ji ƙarar Uwar Haƙuri ya ce, "Yaya, Bafillace, an dawo da kai da rai?"

Alhaji bai rama ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya ɗauki takardar shekarun daga tebur, ya ninke ta huɗu, ya cusa a aljihu. Ya ce, "Malama, ki sa shi a maruƙa."

Makarantar ba ta farfaɗo a ranar ba. Yaran motar da aka yi alkawari ba su zo ba, cikin 'yan matan ma ɗaya ce ta zo. Amma ta kawo ƙawarta, ƙawar ta kawo matar yayanta, kaza ta nemi wani wurin ƙwai. Buba kuwa kowace Asabar yana kujerar baya. Watannin farko da fushi yake kira, yana kallon yadda ɗalibai ke kashe mota yana tsaki. Abokansa suna tsokanarsa, wai direban tirela ya koma fasinjan mata. Sau biyu ya daina zuwa, sau biyu mahaifinsa ya kawo shi da kansa, a keke. A hankali jip da tirela suka fita daga bakinsa, awaki da tsofaffi suka shiga.

Watan jiya ya cika goma sha takwas, bisa katin asibitin da mahaifiyarsa ta ciro daga ƙasan akwati. Aka sake masa takardu na gaskiya. Ranar da ya fara zama a kujerar direba da izini, muka bi wani lungu a Dogo Tebo. Wata akuya ta tsallaka. Buba ya tsaya cak. Ɗanta ɗaya ya bi ta. Hanya ta zama fayau, amma bai motsa ba.

Mai keken da ke bayanmu ya danna hon ya leƙo. "Kai ɗan koyo! Barci kake ko mutuwa ka yi?"

Buba bai ko dubi madubi ba. Ya ce, "Nononta na 'ya'ya biyu ne. Saura ɗaya."

Sai ga na biyun ya fito daga bayan katanga yana kuka. A bayansa ga wani ɗan yaro da tsumagiya, hannu ɗaya riƙe da wando, ko gefe bai kalla ba.

Sai da suka wuce na lura da ƙafata. Tana ƙasa, a shimfiɗe, kamar ta kowane fasinja.